Yadda ake yi wa uwa sadaka da keken guragu a Legas

Idan uwa ta rasu bayan ta ƙare rayuwarta a aikin jinya, tana kuma tsaya wa masu lalurar naƙasa, 'ya'ya kan zauna bayan sadakar arba'in su ce a sayi kekunan guragu a raba da sunanta. Niyya ce mai kyau, Allah Ya kai ladan kabarinta. Sai dai a nan ake tafka kuskuren da ita ba za ta taɓa yi ba: a sayo keke ashirin iri ɗaya, sannan a fara neman waɗanda za a ɗora a kai.

Ku fara da mutanen. Sarkin guragu a Agege ko Idi-Araba ya san wanda ke rarrafe da wanda kekensa ya mutu, haka shugabannin gidan masu lalurar naƙasa na Oko-Baba da ke Ebute Metta. Ku karɓi sunaye, ku je ku ga kowa da idonku. Mai shan inna da ke da ƙarfin hannu, yana kuma fita sana'a, keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi masa amfani. Tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kama, keken turawa take buƙata. Mai raunin laka da yaron da ba ya iya riƙe wuyansa kuwa, kada ku saya musu komai sai likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ya duba su, a asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH).

Awo shi ne ƙashin bayan aikin. A zaunar da mutum a benci mai tauri a auna faɗin ƙugunsa. Kujerun manya yawanci inci 16 ne, 18 ko 20. Idan ya zauna, tafin hannu ya shiga a tsaye ta kowane gefe, ba tare da ya yi sako-sako ba. Kujera ta yi faɗi, mutum ya riƙa karkacewa har bayansa ya lanƙwashe. Ta matse, ta goge masa fata. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar yatsu biyu zuwa uku, don kada ta danne jijiya. Matakin ƙafa ya ɗaga daga ƙasa aƙalla santimita 5.

Kada ku ba da keke babu matashin zama. Ledar kujerar kaɗai tana lotsewa, nauyi ya taru a kan ƙasusuwan mazaunai, gyambo ya ɓulla. Wanda ba ya jin taɓi a ƙasan jikinsa ba zai sani ba sai abu ya yi nisa, kuma gyambon nan yana kisa. A nemi soso mai tauri, kaurin inci 3 zuwa 4, da rigar da ake cirewa a wanke. A koya masa ɗaga jiki ko sunkuyawa gaba duk bayan minti 15 zuwa 30, a riƙa duba fatar safe da yamma. Jan da bai ɓace ba bayan rabin awa, ko wurin da ya yi duhu da zafi, alama ce a sauka daga keken a ga ma'aikacin jinya.

Legas ma tana da nata sharaɗin. Ruwan damina da iskar teku suna cin ƙarfe, ƙananan tayoyin gaba suna maƙalewa a yashi da bakin kwata. Ku zaɓi babbar tayar gaba mai faɗi, wadda tsayinta ya kai kamar inci 8. Tayar da ba ta shan iska ta fi girgiza mutum, amma ta raba shi da mai faci. Ku auna ƙofar ɗaki da ta banɗaki kafin saye, don gidajen haya da yawa ƙofofinsu ba sa karɓar keke. Inda akwai dandamali, a zuba gangara: kowane santimita 1 na tsayi yana son 12 na tsawo, wato matakin santimita 15 zai ci 180.

Ku ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don gyara, ku yi magana da mai gyaran keke a unguwar kan birki, boris da giris. Ranar rabo kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. A buɗe littafi da sunan marigayiyar, a rubuta wanda ya karɓa da awonsa, bayan mako shida wani daga cikinku ya koma da sifana ya ɗaure notuna, ya tambayi yadda fatar take.