Kafin ka zuba kuɗi a kwalbar turare

'Yan uwa, kada ku sayi babbar kwalba kai tsaye. Ku fara sayen ɗan tsiyaye, wato turaren da ake tsiyayowa daga babbar kwalba zuwa 'yar ƙarama, mililita 5 ko 10, ku gwada kwana uku.

Ƙamshin da ake ji a shago na minti goma na farko ne kawai. Asalin turaren sai bayan awa biyu zuwa uku yake fitowa, kuma jikin kowa da yadda yake karɓarsa. Ga zafinmu kuma. Turare mai ƙamshin lemo, rana na dukansa ya gudu. Mai oud ko miski ya fi zama.

Ni na daɗe ina ɗauka tsada ita ce inganci. Creed Aventus, na gidajen da turare kaɗai suke yi, kuɗinsa ya ninka na Dior Sauvage. Na gwada su biyun a tsiyaye, a jikina Sauvage ya fi daɗewa. Aventus ya fi shi sanyin ƙamshi da aji, amma ba kowa zai gane ba. Sauvage kuwa, ka shiga ɗaurin aure ka ji shi a jikin mutum biyar. In salon Aventus kake so aljihu bai kai ba, Club de Nuit Intense Man na kamfanin Armaf yana kusa da shi.

Inda dabarar ke ci baya: mai tsiyayen da ba amana. Wasu na sirkawa, wasu ma jabu ne tun daga kwalba. Ka ce a tsiyaya a gabanka.

A hunturu fata na bushewa, ka shafa mai marar ƙamshi tukuna kafin ka gwada.