Yadda Ake Sabunta Manhajar Horon Harbi ga Jami'an Tsaro

Kwas ɗin harbi yakan yi ƙiba da shekaru. Kowane malami ya zo sai ya ƙara nasa darasi, ba mai cire komai, har kurata su wuni a aji su samu awa guda kawai a filin harbi.

Kafin a taɓa manhajar, a tattaro takardun maki na zango uku ko huɗu da suka wuce, a duba inda kurata suka fi faɗuwa da kuma dalili. Daga nan a gwada darussan da abin da ke faruwa a bakin aiki. Haka hukumar FBI ta Amurka ta yi a 2013: ta bi diddigin harbe-harben da jami'anta suka shiga, ta ga yawancinsu a kusa ake yi, sai ta mayar da nauyin jarrabawar zuwa yadi 3 zuwa 7, da harsashi 60. A 2019 ta rage harsasan zuwa 50, ana cin jarrabawa da kashi 80 cikin ɗari.

Doguwar lacca kan tarihin bindiga da haddace sunan kowane ƙarfe, a mayar da su takarda ɗaya a raba. Lokacin da aka samu a ba wa atisaye da bindiga marar harsashi, minti 15 kowace safiya. A nan ake gyara mai fizgar kunama, domin fizga ce ke sa harsashi ya sauka ƙasa da inda aka saita, kuma ƙarar harbi takan ɓoye wannan kuskure.

Ka'idojin kariya kuwa ba a rage su: a ɗauki kowace bindiga tamkar da harsashi a ciki, bakinta ba ya kallon mutum, yatsa ba ya kan kunama sai an yanke shawarar harbi, a san abin da ke bayan abin da za a harba. Darasin lokacin da bai halatta a yi harbi ba ma kada a cire shi. A Najeriya a daidaita shi da Force Order 237, wato ƙa'idar 'yan sanda kan amfani da ƙarfi da bindiga, da aka sabunta a 2019.

A canja abu ɗaya a zango guda. In an sauya uku lokaci ɗaya makin ya faɗi, ba a gane mai laifin. A rubuta kwanan wata a kan sabuwar manhaja, a karɓe tsofaffin kwafi daga hannun malamai, su ma su sake zama jarrabawar kafin su koyar.