Kurakuran da aka fi yi kan juriyar akwatin wutar masana'anta

Idan wayoyi biyu masu wuta suka haɗu a cikin akwatin da ke sarrafa injinan masana'anta, abin da ke kwarara a wannan ƙiftawar ido ba amfiya ɗari biyun da aka saba gani ba ne, dubbai ne. Shi ya sa kowane akwati yake da iyakar wutar da zai jure ba tare da ya fashe ba. A Amurka SCCR ake ce wa wannan adadi, kuma tun 2005 dokar haɗa wuta ta ƙasar ta wajabta a rubuta shi a jikin akwatin. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61439 kuwa Icw da Icc take kiran irin wannan adadi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mutum ya duba babbar bireka, ya ga an rubuta 65kA (wato amfiya dubu 65), ya ce akwatinsa na 65kA ne. Ba haka abin yake ba. Wannan adadin ƙarfin birekar ce ita kaɗai wajen katse wuta, kuma kafin ta katse, wutar ta riga ta bi ta kontakta (makunnin da ke ba moto wuta) da mahaɗar wayoyi da duk abin da ke kan hanyarta. A ƙa'idar UL 508A ta Amurka kan haɗa irin waɗannan akwatuna, kontaktar moto mai ƙarfin doki 50 ko ƙasa da haka, in ba a rubuta mata adadi ba, 5kA ake lissafa mata, mahaɗar wayoyi kuma 10kA. To in irin wannan kontakta ce a ciki, akwatin nan na 5kA ne, komai tsadar birekar. Gyaran shi ne a bi kayan da babbar wuta ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki mafi ƙanƙanta. In ana son a ɗaga shi, a sayi bireka da kontakta da kamfani ya gwada su tare, lamba da lamba.

Wasu kuma ba su ma san yawan wutar da za ta iya aukowa wurinsu ba, alhali lissafin farko ba wuya. Taransifoma mai 500kVA a kan 415V, in an rubuta 4% a farantinta a matsayin impedance (turjiyarta ga wuta), za ta iya turo kusan amfiya 17,000. A sauya ta da mai 1,000kVA da 5%, abin ya doshi 28,000. Ana murnar an samu babbar taransifoma, ba wanda ya waiwayi tsohon akwatin. Duk ranar da aka sauya taransifoma ko aka matso da akwati kusa da ita, a sake lissafi.

Fiyus mai rage ƙarfin wuta yana taimakon kontakta, amma ba ya ƙara wa ƙananan birekokin da ke bayansa ƙarfin katsewa.

Sai gyaran gaggawa. Na taɓa buɗe wani akwati bayan wuta ta tashi a ciki: murfin ya kumbura, ciki baƙi ƙirin, jan ƙarfe ya narke ya ɗiga a ƙasa kamar ƙwayar gero. Watanni kafin nan kontakta ta ƙone, aka je kasuwa aka sayo wata don kawai amfiyarsu ɗaya. Allah ya kiyaye, yaron da ke kula da injin ya fita salla. Idan za ka sauya kaya, duba kA kamar yadda kake duba amfiya, in adadin ya ragu ka gyara rubutun da ke jikin akwatin kafin ka mayar da wuta.