"Ka sake ta": kurakuran masu ɗaukar murya

Na gaji da gyara wa yaran situdiyo magana ɗaya kullum. In ɗauka ba ta yi kyau ba, cewa ake yi "a sake ɗaukar muryar". Tsofaffin hannu kan ce "a sake naɗa", kalmar da suka gada tun zamanin kaset, lokacin da zare ke naɗuwa a ciki. Duk biyun daidai ne.

Inda ake faɗawa rami shi ne gutsure maganar a rubuce. A baki babu rikici: sake na maimaici ana jan "sa" ɗinsa, na saki kuwa gajere ne. Amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka "sake ta" na iya zama a ƙara yin ta, ko kuma a fitar da ita duniya.

Wannan ni ya ci. An kawo mana sanarwar ɗaurin aure, mai karantawa ya ce Asabar, alhali Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Ina cikin mota na saurara, sai na tura wa yarona saƙo: "Sanarwar nan ka sake ta." Ya kuwa sake ta! Kafin magariba tana gidan rediyo. Kuɗin sa ta a rediyon daga aljihuna suka fita, ban da faɗan kawun amarya, wanda ya tsaya a ƙofa ya ƙi ko zama. Yaron bai yi laifi ba, abin da na rubuta ya karanta. Tun ranar ba na rubuta "sake" shi kaɗai. Ko "sake ɗauka", ko "fitar". Wanda ya turo mini guntun saƙo kuma, kiransa nake yi in ji da kunnena.

Kai kuma mai ce wa mawaƙi "sake murya", ka san me ka ce? Ka ce ya canza murya ne, kamar yadda ake sake riga. Kada ka yi mamaki in ya maƙale maƙogwaro.

"Sake ɗauki murya" ba Hausa ba ce. "Sake ɗaukar murya" ake cewa.

Maimaitawa aikin mai magana ne, sake ɗauka aikinka ne. Ɗora murya kuma daban, a kan kiɗa ko hoton fim ake yin ta.

Kuma don Allah in za ka sake ɗauka, ka bar ta farkon da sunanta, sabuwar ka sa mata lamba 2. Sau da yawa wanda ya kawo aikin kan dawo ya ce ta jiyan ta fi daɗi.