Kurakuran da aka fi yi game da tsuntsun blue jay

Blue jay ɗan dangin hankaka ne, yana zaune a gabashi da tsakiyar Amurka da kudancin Kanada. Tsawonsa santimita 22 zuwa 30, nauyinsa giram 70 zuwa 100.

Ba kowane shuɗin tsuntsu ne shi ba. Ka duba tukku a kansa, da baƙin zobe a wuya, da fari a ciki da bakin fiffike. Wanda kansa baƙi ne gaba ɗaya, a dazukan yamma, Steller's jay ne. Kada ka wahalar da kanka wajen raba mace da namiji ta launi, kamarsu ɗaya. Shuɗin ma ba rini ba ne, ƙirar gashin ce ke mayar da haske, shi ya sa in an murƙushe shi sai ya koma ruwan ƙasa.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne ɗauke ɗan tsuntsu daga ƙasa. Uwa kan yi kwanci kwana 16 zuwa 18, 'ya'yan kuma su bar sheƙa bayan kwana 17 zuwa 21, tun ba su iya tashi sosai ba. In ka ga ɗan yana da gashi, yana tsalle-tsalle, iyayensa na kusa suna ciyar da shi. Ka kulle kyanwa a ɗaki, ka ja da baya. Ɗan da bai yi gashi ba ne kawai ake mayarwa sheƙa, kuma taɓa shi ba ya sa iyaye su ƙi shi. Ajiye shi a gida kuwa laifi ne a Amurka ƙarƙashin dokar kare tsuntsaye ta 1918, har gashinsa ma.

Wajen ciyar da manyan tsuntsayen, gyaɗa marar gishiri da irin sunflower sun isa. Gyaɗar da ta jiƙe takan yi fumfuna mai guba, don haka a zuba abin da za su cinye a yini, a wanke mazubin duk mako 2. In ka ga yana kwasa yana tafiya, binnewa yake yi saboda hunturu. Haka yake yi da 'ya'yan itacen oak, waɗanda ya manta su tsiro.

Ana yi masa kallon ɓarawon ƙwai, amma an zuzuta abin. Yawancin abincinsa tsaba ce da ƙwari.

Sanƙon da wasunsu ke yi a ƙarshen lokacin zafi galibi sauya gashi ne, cikin 'yan makonni ya fito. Kukan shaho a bayan gida kuma, ka ɗaga kai tukuna, sau da yawa shi ne ke kwaikwayo.