Kurakuran da yaranmu ke yi in suna lissafin jari da Python da Excel

Kwanaki ƙanena ya same ni da laptop ɗinshi bayan sallar isha'i, wai yana son saka naira miliyan 3 a sola da firiza ya rinƙa saida ƙanƙara da ruwan sanyi wajen Ƙofar Ƙaura, kuma ya riga ya rubuta kod ɗinshi na Python. Ya ce mani "Yaya duba ka gani, kwamfuta ta ce akwai riba." Da na zauna na bi layi-layi sai na ga kurakuran nan dai da nake ta gani wurin ɗalibai masu koyo, shi yasa na ce bari in rubuta su kowa ya amfana.

Na farko ma ba na kod bane, na tunani ne. Ya ce duk shekara zai samu 1,200,000, shekara 4 kenan 4,800,000, a cire miliyan 3 saura 1,800,000 riba. Toh ai dubu ɗaya ta yau ba ɗaya take da dubu ɗaya ta baɗi ba, duk wanda ke zuwa cefane ya san haka. Abinda ake kira NPV shine ka maido kuɗin kowace shekara zuwa darajarsu ta yau. In muka ɗauki kashi 25 cikin ɗari a matsayin abinda kuɗin za su iya kawowa a wani wurin duk shekara, muka rinƙa rabawa da 1.25 sau ɗaya a kan kowace shekara, kuɗin shekarar farko sun koma 960,000, na biyu 768,000, na uku 614,400, na huɗu 491,520. Jimla 2,833,920, wato bai ma kai miliyan 3 ɗin ba, akwai giɓin 166,080.

Inda ya fi ɓata mani rai shine kason da ake raba kuɗin da shi. Shi kashi 10 ya saka, na ce daga ina ka samo, ya ce haka malamin YouTube ya saka. Wlh wannan kuskuren ya fi kowanne cin mutane, domin malamin nan a Amurka ko Ingila yake zaune, mu kuma a nan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, babban bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwanshi kashi 27.5 a ƙarshen wannan shekarar, kuma duk mun ga yadda dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 bayan an saki naira a Yunin 2023. Da kashi 10 lissafin ƙanen nawa ya nuna ribar sama da 800,000, da kashi 25 kuma ya koma asara, kasuwanci ɗaya kod ɗaya. Ka tambayi kanka, in ban sa kuɗin nan a firiza ba, mi za su kawo mani a wani wurin, ajiyar hatsi ko kiwo ko sukuk na gwamnati? Daga nan ake fara zaɓen kaso. Wasu kan ce ai wannan kuɗin ruwa ne, ni dai a fahimtata babu bashi a nan babu mai karɓar ƙari, ma'auni ne kawai na kwatanta jari biyu.

Sannan in ka saka hauhawar farashi a cikin kason, dole kuɗin shigar ma su rinƙa hawa, don ba za ka saida ƙanƙara a farashin bana ba nan da shekara 4. Ko duka biyun da hauhawa ko duka biyun babu, kar a gauraya.

Sai na Excel, wanda kusan kowa ya taɓa faɗawa ciki. NPV na Excel yana ɗaukar lambar farko a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, ba na yau ba. In ka zuba mashi miliyan 3 ɗin tare da sauran zai rage ma su daraja, amsa ta fito -132,864 maimakon -166,080. Gyaran shine ka bar jarin a waje, ka yi NPV na shekarun 4 kaɗai sannan ka cire miliyan 3 da kanka. Shi kuma npv na Python lambar farko ta yau ce, shi yasa mutum zai yi a wuri biyu ya ga amsa ta bambanta ya ɗauka kwamfutarshi ce ta lalace. In kana da ainihin ranakun shiga da fitar kuɗi, XNPV na Excel ya fi dacewa.

Wasu kuma tun a farko suke maƙalewa, su rubuta np.npv ko np.irr ya ƙi tashi. An cire su daga NumPy, wato kayan lissafi na Python da ake gajarce wa np, tun fitowar 1.20 a 2021, yanzu sai ka sauke numpy-financial daban. Ka kuma rubuta 0.25 ba 25 ba, jarin da ya fita ka sa mashi alamar ragi.

Na ce mashi kuma ƙanƙara ba a shekara-shekara ake cinikinta ba. Watan Afrilu da Mayu a Katsina mutum har layi yake bi, in azumi ya faɗo cikin zafi ba a magana, amma lokacin hunturu sai ka wuni ba ka saida rabin firiza ba. Saboda haka a yi lissafin wata-wata. A nan ma akwai tarko, ka bar kason shekara a kan kuɗin wata, ko ka raba 25 gida 12 ka samu 2.08. Daidai shine 1.25^(1/12) - 1, wanda ke bada kusan kashi 1.88.

IRR kuwa, wato kason da zai sa NPV ya zama sifili, yara na sonshi saboda lamba ɗaya ce mai daɗin faɗa. Nashi ya fito kusan kashi 22, ya yi ta murna, alhali ƙasa yake da 25 ɗin da muka ce kuɗin za su iya kawowa a wani wuri. Kuma ya manta batir, batirin sola dole wata rana a canza shi, in wannan watan ko shekarar kuɗin fita suka fi na shiga alamar ta sake juyawa zuwa ragi, toh IRR na iya zama fiye da ɗaya, kod ɗin kuma guda zai baka bai gaya maka akwai wani ba. A irin wannan NPV nake bi.

Ƙarshe dai sai da na sa shi ya ɗauko biro da takarda ya yi shekarun 4 ɗin da hannu ya ga sun zo ɗaya da na kwamfuta, sannan ya rubuta madauki (loop) ya gwada kaso daga 15 zuwa 35. Yanzu yana can yana tambayar masu sola farashin batir kafin mu sake zama.