Ƙuma a jikin mage: kurakuran da aka fi yi

Duk mai kiwon mage ya san wannan susar, tana kwance lafiya lau sai ta zabura ta hau kartar wuya da ƙafar baya kamar an tsikare ta. Kafin ka yanke cewa ƙuma ce, taje ta a kan farar takarda, baƙin garin da ya zubo ka ɗiga masa ruwa, in ya koma ja-ja to kashin ƙuma ne.

To daga nan ake fara ɓarna. Wani ya ɗauko fiya-fiya ya yayyafa mata, wani kananzir, wani ma Dettol zai zuba a ruwan wankanta wai ya kashe ƙwarin. Jama'a mage fa wuni take tana lasar jikinta, duk abin da ka shafa mata cikinta zai tafi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne maganin ƙumar kare, da yawansu akwai sinadarin kashe ƙwari mai suna permethrin a ciki, kamar maganin Advantix, kuma hantar mage ba ta iya sarrafa shi, sai ka ga tana dalalar da miyau tana karkarwa har ta kai ga jijjiga. In tsautsayi ya sa ka riga ka saka, wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ka ruga wurin likitan dabbobi, kar ka tsaya ba ta madara ko manja.

Nemi wanda aka rubuta na mage ne, mai sinadarin fipronil irin Frontline ko mai sinadarin selamectin irin Revolution. Shi ma wajen sakawa ake kuskure, a tsiyaya a kan gashi a ce an gama. Buɗe gashin ƙeya sai ka ga fata sannan ka ɗiga, nan harshenta ba ya kaiwa, kuma kar a yi mata wanka sai bayan kwana 2. 'Yan jariran da ba su kai sati 8 ba kuwa mataji mai ƙananan haƙora ne nasu, ka riƙa tsoma abin da ka tajo a ruwan sabulu. Duba dasashinsu ma, in ya yi fari ƙumar ta sha jini da yawa, sai likita.

Ni nawa kuskuren sau ɗaya na saka magani, susa ta tsaya, na ce shi ke nan. Bayan 'yan makonni wallahi har ƙafafuna ƙumar ta koma cizo in na zauna a kafet ɗin falo. Ashe wadda ke jikin magen kaɗan ce, ƙuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a rana, su zube a tabarma, kushin, ƙarƙashin gado, tsagar siminti, su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, amma wasu 'ya'yan su yi watanni a kwance cikin ƙwanso kafin su fito a matsayin ƙuma. Don haka magani duk wata, aƙalla wata 3 a jere, kuma duk dabbar gidan lokaci guda, kowa da nasa maganin. Tsumman da take kwana a kai a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, shara kullum har lungu a kwashe a kai waje.

Af, in ka ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta tsutsar ciki ce, ta hanyar haɗiye ƙuma take samu, ka faɗa wa likitan ya haɗa mata da maganin tsutsa.